Bin Sawun Dankalin Turawa a Senegal

Ɗan ƙanena na raka Kaulaha. Ya sauke Alƙur'ani a Kano, ya nace sai Madina Baye zai je ƙarin karatu, mahaifinsa kuma ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, sai nauyin ya faɗo kaina. Niyyata in kai yaro, in yi ziyara, in damƙa shi hannun malamai, in juyo cikin mako guda. Sai da na yi kwana goma sha shida, kuma buhun dankali ne ya riƙe ni.

Sana'ata ke nan. Shekara ashirin da 'yan kai ina saro dankalin turawa daga Bokkos da Mangu ina saukewa a kasuwar 'Yankaba. Wanda ya daɗe a sana'a ɗaya idonsa ba ya hutawa ko a ƙasar wasu. Mahauci awakin gari yake kallo, tela ɗinkin rigar liman, ni kuwa tiren mai kayan miya nake leƙawa.

Tafiyar kanta ba ta da dogon labari. Daga Kano zuwa Legas, jirgi ya yada zango a Lome, da dare muka sauka a filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a ƙarshen 2017, can bayan gari nesa da Dakar. Ƙarshen watan Janairu ne. Muna fitowa iska mai sanyi da danshi ta tarye mu, ba irin busasshiyar iskar hunturunmu mai fasa leɓe ba. Washegari mota ta bi da mu ta Mbur da Fatik, cikin kukoki da gonakin gyaɗa da aka riga aka cire, har Kaulaha, garin gishiri da zafin rana. A Madina Baye Bahaushe ba ya baƙunta. Ka ɗan taka kaɗan za ka ji Hausa, ta Kano, ta Zariya, ta Damagaram, ta Kumasi. Zumuncin nan ya faro tun haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, har yau kuma bai yanke ba.

A rana ta uku, a gidan da aka sauke mu, na hangi buhun a jingine bakin madafi. Ƙarami ne, na raga, ana ganin abin da ke ciki, kilo 25. Na nemi izini na zaro guda, na yi abin da kowane ɗan sari yake fara yi, wato na murza fatar da babban yatsa. Ko gezau. Na ɗauko na biyu da na uku, duk kansu ɗaya. Babu saran fartanya, babu kore, babu laushi. Akwai wani ɗalibi ɗan Maraɗi a gidan, shekararsa shida a can, yana jin Faransanci da Wolof. Ya duba takardar da aka ɗinke a bakin buhun ya ce, "Alhaji, wannan daga Holan yake."

Na ce, "Holan ta Turai?"

Ya ce, "Ita fa."

Na samu wuri na zauna. Ni da nake loda mota a Bokkos da yamma, ta kwana a hanya ta Saminaka da dajin Falgore, ta iso Kano da safe, in kwance buhu in tarar na ƙasa ya fara ruwa. Wannan kuwa tun watan Satumba ko Oktoba aka tone shi, ya kwanta a rumbu, ya hau jirgin ruwa, ya ratso teku, ya sauka Dakar, ya hau mota kusan kilomita 190 zuwa gari mai zafi irin Kaulaha, ga shi a hannuna kamar jiya aka haƙo shi. A daren nan na roƙi malamin ɗalibin ya ara mini shi na 'yan kwanaki, ya kuma yarda.

Mun shiga tsohuwar Fijo mai cin mutum bakwai, wadda suke kira set-plas, ta sauke mu a babbar tashar Pikin. Dakar hancin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Tashar jiragen ruwa ba a shiga sai da takarda, don haka daga waje muka tsaya muna kallon manyan motoci suna fitowa da kwantena. Ba mu daɗe ba, don abin da nake son gani yana kasuwa. Muka nufi Kastor.

Kasuwar Kastor ta kayan lambu ce, kuma mata ne suka fi yawa a kan tebur. Karas, kabeji, yalo, rogo, kabewa, attarugu, duk abin da ake jerawa a kan cebu jen, shinkafarsu da kifi. Albasa kuwa tuli, don mutanen nan suna cin albasa ci na gaske. Dankalin turawa suna ce masa pombiter, aron baki daga Faransanci. Da na ji suna ciniki sai lissafin ya ɗaure mini kai, har ɗalibin ya ce mini da derem suke ƙirga, derem ɗaya sefa biyar, daidai da dala a bakin mutanen Nijar. Shi ko a jikinsa, tun yana yaro haka yake lissafi.

Can ciki muka samu wani dattijo mai babban shago. Abin da na fara lura da shi, buhunansa ba sa taɓa ƙasa. A kan katako aka jera su, an bar rata tsakanin layi da layi iska tana ratsawa. Da ya ji ni ɗan sana'a ne daga Kano, ya sa aka kawo kujera, yaro ya ɗora shayin ataya. Wanda ya san ataya ya san zagaye uku ne, ba a tashi a na farko. Cikin zagaye ukun nan na koyi abin da ban sani ba duk tsawon zamana a kasuwa.

Ya dafa wani layin buhuna ya ce, "Alaji, ka zo a kan gaɓa. Waɗannan su ne na ƙarshe. An rufe ƙofa, na gida ya fara fitowa."

Ga yadda abin yake. Gwamnatin Senegal tana da hukumar daidaita kasuwanni, suna kiranta ARM, an kafa ta a 2002. Da albasa ta fara a 2003, daga baya dankali da karas suka shigo cikin tsarin. Kowace shekara, idan amfanin manoman gida ya kusa isowa, ana zama da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, sai a sanar da ranar da za a daina shigo da na waje. Galibi a farkon shekara ne. Ƙofar tana nan a rufe har na gida ya ƙare, wanda yakan kai cikin damina, sannan a buɗe, a raba wa masu shigo da kaya kason da kowa zai kawo. Mafi yawa daga Holan ne, akwai na Faransa da Beljiyam, akwai kuma na Maroko. Sai dai lissafin ba ya zama iri ɗaya kowace shekara, saboda manyan ranakun cin dankali da watan Musulunci suke tafiya: azumi, ƙaramar Salla da suke kira Korite, babbar Salla wato Tabaski, Magal, wato babban taron Muridawa a garin Tuba cikin watan Safar, da Gamu na Mauludi. Dankali kuwa da sanyi yake tafiya. Wata shekarar Tabaski ta faɗo kaya sun yi yawa, wata shekarar ta faɗo rumbu ya kusa ƙarewa, sai ka ji mata suna kuka da tsada, 'yan kasuwa suna matsa lamba a buɗe ƙofa.

Na tambaye shi haraji. Ya ce akwai, kuma ba kaɗan ba. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS suke da harajin bai-ɗaya, dankalin ci da albasa suna cikin kayan da ake caza kashi 35 cikin 100. Duk da haka ana kawowa a ci riba. Wani abu da ya faɗa kamar ba komai ba shi ya fi tsaya mini: kuɗinsu a ɗaure yake da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Wanda ya yi odar kaya yau ya san abin da zai biya ranar da jirgi ya iso. Duk ɗan kasuwar Najeriya da ya taɓa sayen kaya da dala ya san darajar wannan kwanciyar hankali.

Na Maroko ta ƙasa yake zuwa, manyan motoci su keto hamada, su ratsa Muritaniya, su ƙetare kogin Senegal. A watan Fabrairun 2023 Maroko ta dakatar da fitar da tumatir da albasa da dankali zuwa Afirka ta Yamma, saboda kaya sun yi tsada a gidanta. Dattijon ya ce tun daga lokacin ba ya dogara da hanya ɗaya. Mai kaya, in gidansa ya buƙata, kai ne na farko da zai manta.

A nan zan faɗi ra'ayina. Mu ma mun rufe iyakokinmu na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, kuma kowa ya ga yadda kasuwa ta rikice. Abin da ya burge ni a nasu shi ne rufewar tana da kalanda. Manomi ya san za a rufe kafin ya shuka. Ɗan kasuwa ya san za a rufe kafin ya yi oda. Ana jayayya a kan ranar, ana zargin juna, amma kowa ya san da zuwanta. Da na bar shagon nan na ɗauka na gano sirrin ke nan gaba ɗaya, in an tsara rufe ƙofa, noman gida ya tashi. Washegari, a gona, na gane rabin magana na ji.

Kafin mu fita kasuwar na sa ɗalibin ya tambayi wata mai tebur wanne masu saye suka fi so. Tana da kashi biyu a gabanta, na Holan mai fata sumul, da sabon na gida mai yashi a jiki. Ta ce, "Na gida ya fi daɗi, na Holan ya fi haƙuri." Matar da za ta dafa yau na gida take ɗauka. Wadda za ta sayi buhu ta ajiye, ko mai kai kaya Tambakunda da sauran garuruwan gabas masu zafi, na Holan yake nema in akwai.

Washegari muka kama hanyar Kayar ta Rufisk. Bayan an wuce cunkoson gidaje sai ƙasa ta sauya. Tuddan farin yashi, a tsakaninsu kwaruruka kore shar. Wannan yanki shi ake kira Niyay, siririn zirin ƙasa da ya bi gaɓar teku daga Dakar har Sanluwi, kimanin kilomita 180. Mafi yawan kayan lambun ƙasar daga nan suke fitowa. Ruwa yana kusa, a da rami kawai ake tonawa a tarar da shi. Ta bakin teku an dasa dogon shingen wata bishiya mai ganye kamar gashi, suna ce mata filawo, tun zamanin Faransawa aka fara dasa ta don ta tare yashi kada ya binne gonaki.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu tsauni. A saninmu dankalin turawa ɗan kan dutse ne. Asalinsa ma daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka ya fito, yankin Peru da Bolibiya. A Najeriya, Filato ce take noma mafi yawansa saboda tudun Jos ya haura mita 1,200, dare yana sanyi. Dankali ba ya ƙulla 'ya'ya da kyau sai ƙasa ta yi sanyi, tsakanin digiri 15 zuwa 20. In zafi ya yi yawa sai ya zuba ganye, ka tona ka tarar ba komai. To ga ni tsaye a gonar dankali ina jin ƙugin teku, ƙafata daidai da ruwa. Sai na tuna iskar da ta tarye mu a filin jirgi. Akwai igiyar ruwan sanyi da take gangarowa daga arewa ta wajen tsibiran Kanari, tana bin gaɓar, iska kuma tana kwaso sanyinta ta shimfiɗa a kan Niyay daga Nuwamba har wajen Afrilu ko Mayu. Mu dutse ne ya ba mu sanyi, su teku ce ta ba su. Ikon Allah ke nan.

Manomin da ya karɓe mu ya manyanta, gemunsa fari fat, ƙafarsa ba takalmi. Gonarsa ba ta da girma. Yana da rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana, ga samari biyu 'yan ƙwadago na shekara, waɗanda suke kira surga, suna jan tiyo. Yashi ba ya riƙe ruwa, don haka ban ruwa kusan kullum ne. Taki kuwa kashin kaji da na zamani. Ya ce a cikin Nuwamba ya shuka, kwana casa'in ko kusa da haka sai haƙa. Ya tura hannu cikin yashi, ba fartanya ba komai, ya zaro dogayen 'ya'ya masu haske. Wanda ya saba da jar ƙasar Bokkos mai kama jiki zai san irin sha'awar da na ji.

Sai na yi tambayar da kowane mutumin Filato zai yi. Na ce, "Baba, ina kake ajiye irinka?"

Bai amsa da baki ba. Ya shiga bukka ya fito da wani buhun da ba komai a ciki, ya miƙa wa ɗalibin. Ɗalibin ya karanta takardar. Sunan irin Spunta, daga Holan.

Na ce, "Na bana ne kawai?"

Ya ce kowace shekara. Wani lokaci na Holan, wani lokaci na Faransa. Gwamnati tana sa tallafi a kan kuɗin, amma duk da haka iri shi ne ya fi komai cin kuɗi a gonar.

Dalili biyu ya ba ni, kuma duka na san su daga gida, ban dai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Na farko zafi. In ya haƙa a Fabrairu ko Maris, ba zai sake shuka ba sai Oktoba ko Nuwamba. Wata bakwai ko takwas ke nan, da bazara da damina a tsakani. Dankalin da aka ajiye a ɗaki zai tsiro, ya yanƙwane, tsutsa ta huda shi, kafin lokacin shuka ya gama mutuwa. Na biyu ciwo. Akwai ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye, suna ɗaukar cuta daga wannan tushe zuwa wancan, cutar ta sauka cikin ɗan dankalin. Shi kuwa dankali ba ƙwaya ake shukawa ba, jikinsa ake binnewa, don haka duk ciwon da uwa take da shi ɗa ya gada. A ƙasa mai ɗumi ƙwarin nan ba sa hutu. Shuka biyu, uku, sai ka ga ganye yana nannaɗewa, 'ya'ya suna ƙanƙancewa. Mutanen Holan suna noma irinsu a arewacin ƙasarsu, bakin teku mai iska da sanyi inda ƙwarin ba su da yawa, kuma akwai hukumar da take duba gona da rumbu kafin a manna wa buhu takarda. Shi ya sa babu ƙasar da ta kai su fitar da irin dankali a duniya.

Ashe ƙofar da aka ce an rufe, ta dankalin ci ce. Ta iri a buɗe take, kuma dole ta zauna a buɗe. Dankalin gida da mai tebur ta ce ya fi daɗi, uwarsa ta jirgin ruwa ta zo. In jirgin iri ya makara, shuka ta makara, haƙa ta faɗa cikin zafi, shekara ta lalace. Ban faɗi wannan don in rage musu ba. Ƙasar da a 2012 take noma kimanin tan 15,000, zuwa 2017 ta haura tan 100,000, ta yi abin a yaba. Amma tushen abin har yanzu yana hannun wasu, kuma manomin ya fi ni sanin haka.

Tunanina ya koma gida. Manomanmu na Filato ba sa sayen iri daga Turai kowace shekara, nasu suke juyawa, Nicola da Marabel da sauransu. Da farko na ji kamar mun fi su 'yanci. Sai na tuna yadda ake ware irin. Mu 'yan sari mu kwashe manya, a bar wa manomi ƙanana ya shuka. Ƙananan nan kuwa da yawansu daga tushe mai ciwo suka fito, shi ya sa suka ƙanƙance. Wato kowace shekara mara lafiya muke zaɓa ya zama uwa. Akwai tashar binciken dankali a Kuru kusa da Jos, ana ƙoƙarin samar da iri mai tsabta, amma abin da yake isa hannun ƙaramin manomi bai taka kara ya karya ba. Da hannuna a cikin wannan, kuma sai a Kayar na gani.

Da yamma dattijon ya raka mu bakin teku. Kayar garin masunta ne kafin ya zama na dankali, kwale-kwale ɗaruruwa masu fenti kala-kala a jere kan yashi, dawakai da amalanke suna kwasar kifi. Gida ɗaya za ka tarar wani yana su, wani yana lambu. Ya nuna arewa da haɓa ya ce ɗansa na biyu ta nan ya bi, cikin kwale-kwale zuwa Kanari, yana Sifen yanzu. Ya ce ruwan rijiya yana ƙara nisa, a wasu wuraren ya fara gishiri, masu gine-gine suna cin gonaki ta kudu, masu haƙar ma'adinai ta arewa. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Muka yi Magariba tare.

Kasuwar Noto Guy Jama ita ce wurin da na fi jin kamar ina gida. Nan kayan lambun yankin suke haɗuwa. Amalanke suna shigowa daga gonaki, manyan motoci suna jira, ga sikeli, ga ihu. 'Yan sari masu yawo suna ce musu bana-bana, dillalai kuma kokser. Ban buƙaci tafinta ba wajen gane wane ne wane. Dillali ko'ina dillali ne, tsayuwarsa ma ta isa ta nuna shi. Na ga manomi tsaye kan kayansa yana kallon ƙasa ana yi masa tayi, irin kallon da na sani a Maikatako, kasuwar dankali ta yankin Bokkos.

Na ɗauki dankali ɗaya daga wani buhu na murza. Fatar ta sulɓe kamar ta sabuwar gyaɗa. Na ɗauki wani, haka. Wannan ba zai yi mako biyu ba. Na sa aka tambayi mai shi don me bai bari ya ƙosa ba. Ya ce bashi. Na iri, na taki, na 'yan ƙwadago. Kuma kowa a lokaci ɗaya ya shuka, don sanyin na kowa ne, lokaci ɗaya kuma za a haƙa. Wanda ya riga kai kaya shi yake samun farashi, kullum aka ƙara kwana kuɗin yana sauka. Ko an rufe ƙofa, cikin Maris da Afrilu na gida da kansa yake karya na gida.

Haƙurin da mai tebur ta ce na Holan yana da shi, yi masa shi ake. Kafin su haƙa sukan kashe ganyen, su bar 'ya'yan cikin ƙasa mako biyu zuwa uku fata ta yi ƙwari. In an kai rumbu ba a sanyaya shi nan take. Ana busa masa iska wajen mako biyu a ɗan matsakaicin sanyi, duk wanda ya ƙuje ya warke, sannan a rage zafin a hankali. Ba a kuma wuce gona da iri, don in sanyi ya yi yawa garin da ke cikinsa yakan juye sukari, in an soya ya yi baƙi. Ana ajiye shi cikin duhu kada ya yi kore ya yi ɗaci. A tace shi girma-girma, a zuba a ƙaramin buhun da mutum ɗaya zai ɗauka ya ajiye a hankali. Namu buhun kuwa sai mutum biyu sun ɗora wa ɗan dako, an cusa shi har an yi masa hula, in ya gaji ya yar da shi tim, a ɗora wani a kai, sannan yaran mota su hau su zauna.

Ɗakin sanyi shi ne maganar da kowa yake yi a Noto. Gwamnati ta gina babbar kasuwar sari a Jamniyajo, aka buɗe ta a 2019, da ɗakunan ajiya a ciki. Mun biya ta can a hanyar komawa, gini ne na gani na faɗa. Sai dai ƙaramin manomi mai bashi a wuya, ajiya ba ta biya masa buƙatar yau, ga kuɗin mota, ga kuɗin ɗaki. A arewa kuma, kusa da tafkin Giyer, akwai wani babban kamfani na 'yan Indiya da yake noma dankali a fili mai faɗin gaske, da injuna da ɗakunan sanyinsa. Ƙananan manoma suna ƙorafin in kayansa suka fito tare da nasu farashi yakan faɗi warwas. 'Yan kasuwa kuma suna cewa ba don ajiyarsa ba da tuni an buɗe wa na waje ƙofa tun kafin damina. Na saurari duka biyun, kuma a ganina kowa gaskiyarsa yake faɗa. Wanda yake da sanyi shi yake zaɓar ranar da zai sayar, ko a Holan yake ko a bakin tafkin Giyer. Wanda ba shi da shi, dankalin ne yake zaɓa masa.

Na mayar da ɗalibin Kaulaha, na yi wa malaminsa godiya. Ɗan ƙanena ya riga ya saba, har ya fara gaisuwa da Wolof. Ya ga ina ninke wani abu ina sawa a jaka ya ce, "Baffa, buhun banza za ka kai Kano?" Na ce masa e, guda biyu ma, ɗaya na ci ɗaya na iri.

Ɗakin sanyi ya fi ƙarfina, iri mai tsabta ma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Amma akwai abin da ba ya cin wutar lantarki. Da na koma Bokkos na je wurin manomin da muka fi shekara goma muna hulɗa, na shimfiɗa masa buhunan, na ba shi labari tun daga Kastor har Noto. Na roƙe shi abu biyu. Ya sa alama a kan tushen da suka fi lafiya tun suna kore, ya ware irinsa daga cikinsu, ni kuma ba zan taɓa su ba ko sun fi kowanne girma. Sannan ya yanke ganyen wani sashe na gonar ya bar shi kwana goma sha biyu kafin haƙa.

Ya daɗe yana juya buhun ragar a hannunsa. Ya ce, "Alhaji, ka san halin da muke ciki. Abin da ya nuna ba a barinsa a gona ya kwana, balle kwana goma sha biyu." Gaskiya ya faɗa, duk wanda ya san yankin ya san barin amfani a daji ba ƙaramar kasada ba ce. Na ce zan biya kuɗin sashen tun yanzu, in an yi asara tawa ce. Muka daidaita a kan kunya ashirin na kusa da gida, inda ake hangowa daga ƙofa.

Shekaranjiya ya kira ni ya ce ya yanke ganyen. Na sayi ƙananan buhunan raga a wurin masu albasa, suna nan a shago. Ranar da kwanakin suka cika zan kama hanyar Falgore da asuba, in je in murza fatar da yatsana.